Ban Kwanan Da Afiniki Ta Ƙi

Afiniki ba ta taɓa iya zama shiru ba, ko da a kan bencin majami'a ne. In fasto ya ja wa'azi ya wuce inda ya kamata ya tsaya, sai ƙafarta ta dama ta fara taka wani keken ɗinki da babu shi, sama da ƙasa, sama da ƙasa, har bencin ya ɗauki rawa. Matan da ke gefenta sun daɗe da daina harararta. Sun san ba raini ba ne. Ƙafar tela ce, kuma in ta fara haka, to wata sabuwar waƙa ce ke kan hanya.

A wani ƙauye na ƙasar Zuru aka haife ta, a gindin dutse, gidan da ba a niƙa dawa sai da waƙa. Uwarta ba ta iya karanta baƙi ko ɗaya ba, amma in ta ji labarin Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi, kafin Laraba ta mayar da shi waƙar niƙa, su Dawuda da majajjawarsa, su Nuhu da jirginsa. A nan Afiniki ta tsinci abin ba tare da kowa ya zaunar da ita ya koya mata ba. Ta koyi ɗinki, ta auri Irmiya, malamin gona, mutum mai sanyi wanda magana ke yi wa wuya kamar sayar masa da ita ake yi. Daga ranar nan gwamnati ta sa su a gaba. Yau Yawuri, gobe Jega, jibi Kamba. Kafin ta gane rijiyar da ta fi ruwa mai daɗi a gari, an ce su naɗe tabarma.

Duk inda suka sauka akwai majami'a, ko da ta langa-langa ce, kuma kowace majami'a tana da Zumuntar Mata: matan aure masu zane iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya, masu babban tulun da ake buga bakinsa da soso ya riƙa gurnani, da ƙuge, da caki. Mace ɗaya ce ke tsayawa gaba da caki a hannu tana ba da waƙa, sauran su amsa. Kuma ko ba a rubuta ba, kowa ya san baƙuwa layin baya take tsayawa, ko da muryarta ta fi ta kowa. Afiniki ta sha layin baya har ta ƙoshi. A kowane gari sai ta yi ta amshi, tana jin mai bayarwa na jan waƙa a ƙasa, tana haɗiye gyaran da ke bakinta. Da zarar an fara waiwayowa ana neman mai muryar nan ta baya, sai a ɗaga Irmiya.

A Birnin Kebbi ne gwamnati ta manta da su. Suka kama haya a Nassarawa, ta kafa kekenta a wani ɗan shago bakin hanya, 'ya'ya suka yi makaranta wuri ɗaya har suka gama. Ana nan sai mijin Mama Tamar, mai ba da waƙar zumuntarsu, ya yi ritaya za su koma gida Zuru, aka shirya mata ban kwana yadda aka saba. Aka zaunar da ita a kujera gaban jama'a, aka yafa mata sabon zane, aka jera mata kuloli, aka rera mata waƙar da aka tsara da sunanta, kowa na share hawaye. Kafin hawayen su bushe aka karɓi caki daga hannunta aka miƙa wa Afiniki. Afiniki ta yi kuka ita ma, kuma kukan gaskiya ne, amma a ƙarƙashinsa akwai wani daɗi da ya kusa sa ta tsalle. Ta kuma lura, don ita ba ta da mantuwa, cewa kafin damina ta zagayo ba mai ambaton Mama Tamar sai in an tashi hirar waɗanda suka tafi.

Shekarun da suka biyo baya su ne nata. Ba a ɗaura aure a ikilisiyar nan ba tare da muryarta ba, ba a kuma raka gawa. In an je taron gunduma, matan wasu garuruwa kan bar rumfarsu su zo su tsaya su ji, su koma gida da abin da suka iya ɗauka. Waƙa kuwa a kan keke take zuwar mata. Ƙafa na taka, allura na gudu, baki na gunguni, har kalmomi su sami wurin zama. Shagon ba ya rabo da mata. Wannan ta kawo gyaran rigar makaranta, waccan ta tsaya gaisuwa daga kasuwa, wata ba ta da dalili sai inuwa da hira. Suna zaune suna kukan tsadar manja, waƙar na shiga kunnensu ba su sani ba. Kafin ranar Alhamis da ake koyon waƙa, rabinsu sun riga sun iya amshin. Kafin Lahadi kuwa, in ta ɗaga caki ta jefa layin farko, sai ka ji majami'a ta ɗauka gaba ɗaya. Har 'yan matan unguwa Musulmi masu kawo ɗinkin Salla kan tafi da karin a bakinsu, sai dai su sa masa nasu kalmomin. Afiniki ta ɗauka haka waƙa take, ka bayar a amsa. Ba ta taɓa tambayar kanta a ina amshin ke dahuwa ba.

Ta haura hamsin lokacin da gwamnati ta tuna da Irmiya. Aka ce Argungu, wajen manoman shinkafa, ya ƙarasa 'yan shekarun da suka rage masa. Suka ɗauki gado da tukwane da buhun dawa. Keken ɗinki kuwa ta lulluɓe shi da tsohon zane, ta kulle shagon, ta ce sai an natsu.

Mama Briskila, matar fasto, wadda ita ce shugabar zumunta, ta tare ta bayan sujada. Da sunan ɗanta na fari ta kira ta, yadda kowa ke yi.

"Maman Habila, wace Lahadi za mu sa?"

"Ta me, Mama?"

"Ta ban kwananki mana. Mata sun fara haɗa abin da za su haɗa."

"Ban kwanan wa? Ina na tafi? Argungu ai nan kusa ce. Ga ni nan kowace Lahadi, in Ubangiji ya yarda."

Mama Briskila ta dube ta, ta bar maganar. Ba a yi wa mutum ban kwana yana cewa bai tafi ba. Kuma muddin ba a yi ba, caki nata ne. Dukansu biyu sun san haka, ba wadda ta faɗa.

Haka aka shiga wata irin rayuwa marar kai marar gindi. Ranar Lahadi, ladanin unguwa na kiran asuba ita tana ɗaura ɗankwali. Kabu-kabu zuwa tasha, sannan jira, don direban Argungu ba ya tashi sai ya cusa mutum na ƙarshe a kan cinyar na kusa da ƙarshe. Ta yi tafiya da albasar Augie a ƙarƙashin ƙafarta, ta yi da kwandon bandar kifi a bayan wuyanta, har matan zumunta suka fara gane isowarta da hanci kafin su gan ta. Ta kan sauka a guje, ta ɗaura zanen zumunta a bayan majami'a, ta shiga tana haki. Ana tashi kuma idonta na kan rana, kada mota ta ƙare. Ba hira, ba leƙa mai jego, ba zuwa koyon waƙa ranar Alhamis. Wannan sai ta bar wa Damaris, wata malamar firamare mai siririyar murya, wadda ita da kanta ta jawo daga layin baya ta tsayar a damanta. "Ki riƙe musu kawai," ta ce mata. "Kada ki ƙara, kada ki rage."

Sauran kwanakin mako tana Argungu, in dai zaman jiki ake nufi. Ba ta buɗe rabin kayanta ba. Ta san hanyar tasha ido rufe, ta kasuwa kuwa sai ta tambaya. Irmiya shi kaɗai ke zuwa 'yar majami'ar garin, ya zauna gefen maza da Littafinsa, kowane mako a ce masa, "Madam fa?" ya ce tana lafiya. Matan wurin 'yan kaɗan ne: matar wani ɗan sanda, wata nas, wata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan babur wadda Hausarta ta kasuwa ce, sai wasu tsofaffi. Ba su da tulu, jarkar mai suke bugawa. Da suka ji wadda ta sauka garinsu, suka yo gayya suka zo gaisuwa da ƙwaryar shinkafa. "Mama, ko sau ɗaya ne ki zo ki ji mu," in ji nas ɗin, "ki faɗa mana inda muke ɓatawa." Ta tarbe su da fara'a, ta ba su ruwan sanyi, ta raka su har bakin ƙofa, ba ta yi musu alkawarin komai ba. A ranta cewa take, da girmana, da furfurata, in koma in fara daga jarka?

Maƙwabciyarta Balaraba, matar wani masunci mai suna Maiwada, sana'arta bandar kifi, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. Katangar da ke tsakaninsu gajeriya ce, ta kanta suke miƙa wa juna wuta da gishiri da magana.

"Maman Habila," ta ce wata Asabar tana juya tarwaɗa a kan raga, "wai mi kinka aje Birnin Kabi da ba ya ɗaukuwa? Kullum Lahadi ki kama hanya da duhu, ki bar Malam shi ɗai kamar gwauro. Jiya har Maiwada na tambayata ko hwaɗa kunka yi."

"Waƙa na ajiye."

"Waƙa? Ba ga bakinki take ba? Ai da kinka taho ta taho."

"Waƙa ba ta mutum ɗaya ba ce, Balaraba. Sai da masu amshi."

"To nan garin an ce maki babu masu baki? Ɗiyan gidanga dut sun iya abin nan da kike rerawa wurin shara. Sai da na kwaɓe su, kar su kai shi makarantar allo malam shi zane min su."

Afiniki ta yi dariya ta shige ɗaki. Maganar ta bi ta har ciki, ta yi kunnen uwar shegu da ita.

Da babu keke, sai waƙa ta koma zuwar mata a mota. Wajen Ambursa, inda ake hango fadama, ta ga shinkafa tun tana tsamo-tsamo cikin ruwa har ta yi ciki, har ta sunkuyar da kai ta yi ja. A nan wata waƙar godiya ta tsiro mata. Ta yi ta juya ta mako bayan mako, goshinta a jikin gilashi, leɓe na motsi, fasinjoji na zaton addu'ar hanya take yi. Waƙa ce mai kyau, kada a yi mata ƙarya. Sai dai ba takun keke gare ta ba, takun mota ne, a yi gudu, a ci birki, a kauce wa rami, a sake zabura. Kuma ta rera ta a cikin kanta har ta tsufa a wurinta, ta zama kamar wadda duk duniya ta sani.

Ranar godiyar kaka ta zo, ranar da majami'a ke cika har waje, a jibge dammunan dawa da buhunan shinkafa da kaji a gaban bagade, baƙi su zo daga wasu ikilisiyoyi. Ranar ce kuma direba ya ga damar tsayawa a hanya ya sauke wa wani ɗan kasuwa kaya buhu-buhu, yana yi yana hira, Afiniki na cizon yatsa. Ta iso an riga an kira Zumuntar Mata, sun jeru, Damaris na gaba da caki, ta ja numfashi ke nan. Afiniki ta ratso ta tsakiyar mutane, zane a karkace, ta zare cakin daga hannun Damaris ba tare da ta dube ta ba. Ta ɗaga shi sama, ta buɗe murya.

"Wa ya shayar da fadama, ya ce wa ƙwaya tashi?"

Muryar ta fita tas, ta daki rufin kwano ta dawo. Ba wanda ya amsa.

Ta ɗauka ba su ji ba ne. Ta sake jefawa da ƙarfi. Kezia mai tulu ta buga tana laluben inda za ta shiga, ta rasa, ta tsaya da soso a sama. Matan suka yi tsuru-tsuru suna kallon ƙeyarta. A bencin baƙi wani ya yi tari. Sai a lokacin abin ya faɗo mata: waƙar nan ba kunnen da ya taɓa jin ta sai nata. Babu shago, babu inuwa, babu masu kukan tsadar manja. Ɗanya ta ɗauko ta daga mota ta jefa wa mutane.

Can daga bayanta, a hankali, siririyar muryar Damaris ta ɗauko wata waƙa, wadda suka yi ta koyo ranakun Alhamis. Matan suka faɗa mata kamar masu ƙishi sun ga randa. Tulu ya yi gurnani, ƙuge ya shiga, majami'a ta miƙe tsaye tana tafi. Afiniki na tsaye a gaba, wurinta na shekara da shekaru, caki a hannu, ba ta san ko kalma ɗaya ta waƙar ba. Ta kaɗa cakin. Ta motsa leɓe. Kunya irin wannan ba ta taɓa jin ta ba tun da uwarta ta haife ta, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne waƙar ta yi daɗi.

Ba ta tsaya cin shinkafar godiya ba. Ta ajiye cakin a kan benci ta fita ta ƙofar baya.

Lahadin da ta biyo ba ta je Birnin Kebbi ba, ba ta kuma bi Irmiya ba. Ta ce bayanta ke ciwo. Ta gaba ma haka. Kiran Mama Briskila ya yi ta shigowa, sai ta kife wayar a kan gado. Mai ciwon bayan nan kuwa ta share tsakar gida har ta kusa kankare ƙasa, ta sauya wa gado wuri, ta mayar da shi, ta wanke tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba. Da la'asar ta kan fita bakin gulbi ta tsaya kallon masu kwale-kwale, kafin su kai tsakiya ta gaji ta juyo. Sau ɗaya ƙafa ta kai ta bayan 'yar majami'ar garin, ta ji jarka na ƙwanƙwan, muryoyi na bin juna kowace da nata sauri, ta yi tsaki ta ƙara gaba, amma har ta isa gida tana gyara musu a zuci. Ta kan yi fushi da Damaris, sai ta tuna ceton ta yarinyar ta yi, sai fushin ya rasa inda zai sauka ya dawo kanta. Tana kewar matan nan, kewa mai ciwo. Amma ji take gara ta mutu da ta je ta zauna a kujerar Mama Tamar.

Irmiya ya yi ta kallo, har ranar da ya tara maganarsa ta makonni ya faɗe ta a tashi ɗaya.

"Maman Habila, ki je ki ɗauko keken nan. Ƙafarki ta kusa huda daɓen mutane, kuma gidan haya ne."

Ta zaɓi Alhamis da gangan, da la'asar, lokacin da duk matan ke wajen koyon waƙa, don kada ta haɗu da kowa. Ta buɗe shagon, ta kakkaɓe yanar gizo, ta sa wani mai napep ya taya ta kinkimar keken, ta mayar wa mai shagon da makullinsa. Komai ya tafi yadda ta tsara. Sai da suka kama hanyar tasha ta ji bakinta ya ce, "Bi ta wajen majami'a."

"Madam, can ai zagaye na."

"Na sani. Bi."

Ta sa ya tsaya daga nesa, gindin wata bishiyar dogon yaro. Ba shiga za ta yi ba, haka ta gaya wa kanta, tulun kawai take son ji. Ta lallaɓa ta bayan ginin ta raɓe kusa da taga.

Waƙar da suke yi ba ta san ta ba, wata ce kuma daban. Damaris ke bayarwa:

"Ta zo mana da zare da allura,
ta tarar da mu ƙyalle-ƙyalle,
ta ɗinke mu muka zama zane guda ɗaya."

Sai matan suka amsa:

"Afiniki, je ki da salama,
Ubangiji ya riga ki isa."

Ta dafa bango. Rabon da ta ji an kira ta da sunan nan cikin mutane, tun uwarta na da rai. Ta tsaya nan hawaye na bin kumatunta, tana jin kunya, tana jin daɗi, tana jin haushi, duk a haɗe.

Suka sake daga farko. A nan ne kunnenta ya farka, don kunnen Afiniki ba ruwansa da hawaye. Akwai abin da ba daidai ba. Damaris na jan layin ƙarshe har numfashinta ya ƙare, matan ba su san inda za su shigo ba. Rabi su faɗo da wuri, rabi su biyo baya suna tuntuɓe, Kezia kuma ta buga tulu bayan an wuce. Afiniki ta cije leɓe. Ba ruwanta. Suka sake, aka sake tuntuɓe a wuri guda. Ƙafarta ta fara dukan ƙasa tana nuna musu, ba mai gani. A karo na gaba ba ta san lokacin da ta zagaya ta banko ƙofa ba.

"Ba haka ba! Haba, ba haka ba!"

Waƙa ta mutu. Soso ya faɗi daga hannun Kezia. Damaris ta ɓoye caki a bayanta kamar wadda aka kama tana satar nama a tukunya.

"Ke Damaris, wa ya ce ki ja shi har can? Ki ce 'zane guda' ki yanke, ki ɗaga hannu. Ki bar musu ƙofa su shigo mana, kin tsaya kin toshe ta. Kezia, tare da hannunta za ki buga, ba bayansa ba. Ku kuma na baya, in za ku kira sunan mutum ku kira shi da ƙarfi, ba kamar masu tsoron ya ji ba."

Sai da ta kai nan ta ji abin da take faɗi. Ba wadda ta yi motsi.

Damaris ta matso, ta rusuna, ta miƙo cakin da hannu biyu. "Mama, ki bayar mu ji."

Hannun Afiniki ya tafi da kansa, har yatsunta suka taɓa ƙwaryar, wadda gumin tafinta ya goge ta yi sumul. In ta karɓa, ba wanda zai ce mata don me. Lahadi mai zuwa sai ta sake tashi da asuba, ta sake shiga cikin albasa, Irmiya ya sake cewa tana lafiya, matan nan kuma su ci gaba da ɓoye waƙarsu.

"Wa ya yi ta?" ta tambaya.

"Ni ce, Mama. Ki yi haƙuri."

"Tun yaushe?"

Mama Briskila ce ta amsa daga inda take zaune. "Tun farkon damina muke koyonta, Maman Habila. Zanen ma yana akwatina har ya ɗauki warin kafur. Mun ce ko shekara nawa ce za mu jira ki. Ba za mu ƙwace ba."

Afiniki ta janye hannunta, ta goge shi a zane. "Haƙurin me za ki ba ni? Ta yi kyau. Wutsiyar ce kawai ta yi tsawo." Ta tura cakin ya koma ƙirjin Damaris. "Bayar."

Ta ratsa layin farko, ta ratsa na biyu, matan na darewa suna ba ta hanya, har ta kai baya, kusa da wata amarya da ba ta ma san sunanta ba. Ta gyara tsayuwa. Ta manta yadda wurin yake. Daga nan ba ka jin muryarka, ta kowa kake ji, tulu kuma a ciki yake bugun ka, ba a kunne ba.

Damaris ta bayar. Ta kai "zane guda," ta yanke, ta ɗaga hannu. Matan suka shigo a tare, tulu ya faɗi daidai, Afiniki a cikinsu, tana kiran sunanta da bakinta, tana ce wa kanta ta je da salama. A rabin layin muryarta ta karye. Ba wadda ta lura, amshin ya ɗauke ta ya wuce da ita.

Daga waje mai napep ya yi ta danna hon.

"Ku sa Lahadi ta sama," ta ce wa Mama Briskila tana share fuska da bakin ɗankwali. "Zan zo da Baban Habila. Kuma tsohon tulun nan na sito, mai tsaga a wuya, akwai mai amfani da shi?"

"Sai gizo-gizo."

"To ku ba ni. Akwai masu buga jarka."

A motar Argungu aka ɗaure keken a but, ita kuma ta rungume tulun a cinya ta hana kowa taɓawa. Rana na gangarawa suka wuce Ambursa, an girbe fadama, shanu na kiwo a cikin tushiya. Ba ta san tana rerawa ba sai da direban, wanda ya saba ɗaukar ta, ya leƙo ta ta madubi.

"Madam, tun tasha kike kiran Ahiniki, Ahiniki. Wai wace ta?"

Ta gyara wa tulun zama.

"Wata mata ce," ta ce. "Da can a Birnin Kebbi take. Ta tashi."